Bidiyo mai tafiyar hawainiya: tambayoyi da amsoshi ga wanda yake son gane abin da ake kallo a ciki

Duk lokacin da aka yi zancen irin bidiyon nan na 'yan fasaha wanda za ka ga an kafa kyamara a gaban tafki ko fuskar mutum minti goma ba a ce uffan ba, tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke dawowa, wasu da gaske suke son sani wasu kuma zolaya ce kawai. Na tattara su a nan, har da na zolayar, don wani lokacin su suka fi taɓo inda maganar take.

Wai shi wannan abin fim ne ko mene ne?

Hoto ne mai motsi, amma ba a yi shi don ba da labari ba. Babu jarumi, babu bos, babu wanda ake jira ya auri wata a ƙarshe. Yawancinsu ma ba a sinima ake nuna su ba, a gidajen baje kolin zane-zane ake haska su, cikin ɗaki mai duhu da benci ɗaya ko biyu, bidiyon yana ƙarewa ya sake farawa da kansa tun safe har a tashi. Mai yin sa ya fi kusa da mai zane ko mai ɗaukar hoto fiye da daraktan fim, bambancin kawai shi kayan aikinsa har da lokaci, wato minti nawa zai tsare ka a gaban abu ɗaya da abin da zai faru da idonka a cikin mintocin nan.

Masu tsattsauran ra'ayi za su ce a raba wanda aka ɗauka da zaren fim da wanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo, kuma suna da gaskiya ta fannin tarihi. Ni dai a nan na haɗa su, tunda mai kallo abu ɗaya ake nema a wajensa.

Yaushe aka fara, wa ya fara?

Sunan da aka fi kawowa shi ne Nam June Paik, haifaffen Seoul a Koriya, wanda a 1963 ya yi baje koli a garin Wuppertal na Jamus da akwatunan talabijin da ya birkita cikinsu suna nuna hoto a karkace. Daga baya a shekarun 1960 kamfanin Sony ya fito da kyamarar bidiyo da mutum ɗaya zai iya ratayawa ya fita da ita, to nan abin ya buɗe, don ba sai kana da gidan talabijin ba kafin ka ɗauki hoto mai motsi. A 1974 Paik ya yi wani aiki, TV Buddha, ya ajiye mutum-mutumin Buddha a gaban talabijin, kyamara tana ɗaukar mutum-mutumin tana nuna shi kai tsaye a talabijin ɗin, wato yana zaune yana kallon kansa. Hoton kai tsaye ne amma ba abin da ke motsi sai in ɗan kallo ya gitta.

To in ba abin da ke faruwa, me ake kallo?

Ai wannan ita ce tambayar. Amsar ita ce abu yana faruwa, idonmu ne aka saba masa da a riƙa yanka masa hoto duk bayan sakan biyu ko uku, shi ya sa in hoto ya tsaya sai ƙwaƙwalwa ta ce an gama, kawo na gaba.

Ɗauki 13 Lakes na James Benning, na 2004. Tafkuna 13 na Amurka, kowanne minti 10, kyamara ba ta motsi, kuma ya saita ta yadda rabin allon ruwa ne rabi sama. Minti na farko ka gane, to, tafki ne. Minti na biyu da na uku gundura ta fara, kana neman wayarka. In ka daure ka wuce nan sai ka lura ashe kalar ruwan ba ɗaya ba ce, kusa da kai duhu ne can nesa kuma ya yi fari-fari, gajimaren da ke gefen hagu ɗazu yanzu ya kai tsakiya ba ka ga tafiyarsa ba, kana jin ƙarar inji daga wajen allo kana jiran ganin ko jirgin ruwa ne zai shigo, in ya wuce kuma sai igiyar da ya tayar ta ɗauki lokaci kafin ta iso gaɓa, kuma kana nan har ta iso. A fim na yau da kullum da tuni an yanke tun jirgin bai fita ba. Benning lissafi ya karanta kafin ya shiga harkar nan, kuma ya daɗe yana koyarwa a makarantar fasaha ta CalArts a Kalifoniya, har yana da darasi da bai ƙunshi komai ba sai fita da ɗalibai su je su kalla su saurara. A shekarar dai ya yi Ten Skies, shi kuma sararin sama ne kawai sau 10.

Ni a wajena Benning ne ya fi kowa gaskiya a cikinsu, don bai sa kiɗa ya taya ka ba, bai rage gudun hoton ba, minti goma nasa minti goma ne na agogonka.

Waɗanda mutane ke motsi kamar a cikin ruwa fa, ya ake yin su?

Dabara ɗaya ce da wadda ake maimaita bugun fanareti a gidan kallon ƙwallo, inda kowa zai miƙe yana nuna allo yana cewa ka gani ko, hannu ne. Fim na yau da kullum hotuna 24 ne suke wucewa a sakan ɗaya. In ka ɗauka da kyamara mai ɗaukar hotuna 300 a sakan sannan ka haska su a gudun da aka saba, sakan ɗaya ya zama sama da sakan 12, kuma motsin zai fito sumul ba tsalle-tsalle.

Wanda ya yi fice a nan Bill Viola ne, ɗan Amurka, ya rasu a watan Yulin 2024. A 1995 ya kai The Greeting babban baje kolin Venice na Italiya, wanda ya samo daga wani tsohon zanen Pontormo, mai zanen Italiya na ƙarni na 16. Mata biyu suna tsaye suna hira, ta uku ta shigo, ta rungumi ɗaya ta raɗa mata magana a kunne. Shi ke nan. Abin da aka ɗauka sakan 45 ne, ya ja shi ya kai kusan minti 10. Amma a cikin minti goman nan za ka ga abin da a zahiri yake wucewa kafin ƙiftawar ido, musamman fuskar wadda aka bari a gefe, yadda murmushinta yake tsayawa a rabi, idonta yana tafiya daga wannan zuwa waccan tana neman inda za ta shiga, hannunta bai san inda zai sa kansa ba, sannan ta gyara fuska kafin a juyo a gabatar da ita. Iska kuma tana kaɗa musu riguna a hankali. Duk wanda aka taɓa gaisawa da wani a gabansa aka manta da shi zai gane fuskar nan, sai dai bai taɓa samun damar zama ya kalle ta ba.

Akwai kuma hanya ta biyu, a ɗauki fim ɗin da aka riga aka yi a ja shi. Douglas Gordon ɗan Sikotilan ya ɗauki Psycho na Hitchcock, fim ɗin tsoro na 1960 wanda bai kai awa biyu ba, ya cire sauti ya rage shi zuwa kamar hotuna biyu a sakan, ya zama awa 24. An fara nuna shi a Glasgow a 1993. Shi wannan ba sumul yake ba, ɗaiɗai hotunan suke zuwa, kuma tsoron duk ya zube tunda abin da zai firgita ka sai ka yi awanni kana jiransa.

Da gaske akwai na awa takwas da gini kawai ake nunawa?

Akwai. Empire na Andy Warhol. A daren 25 ga Yulin 1964 suka kafa kyamara a wani bene a New York suka saita ta kan dogon ginin nan Empire State, daga faɗuwar rana har wajen ƙarfe uku saura na dare. Abin da suka ɗauka ana haska shi a gudun hotuna 16 a sakan maimakon 24, sai ya koma awa 8 da minti 5. Manyan abubuwan da suka faru a ciki: gari ya yi duhu, an kunna fitilun ginin, can cikin dare an kashe su. Wani lokaci in sun zo canja zare sai ka hango inuwar masu ɗaukar a jikin gilashin taga.

Gaskiya ba zan ce wa kowa ya zauna ya ƙare shi ba. Aiki ne da ya buɗe ƙofa, har gwamnatin Amurka ta sa shi cikin rajistar finafinan da take adanawa a 2004, amma jin labarinsa da kallon rabin awa ya wadatar. In za ka kalla to nemi wajen da ake kunna fitilun.

Zan iya turawa gaba ko in ƙara masa gudu?

Wayarka ce, ba mai hana ka. Amma ka sani abin da ka gani ba shi ne aikin ba, don jiran da kake gudu shi ne abin da aka yi maka.

Michael Snow ɗan Kanada ya yi Wavelength a 1967, minti 45, kyamara tana zuƙowa a hankali daga wannan ƙarshen wani dogon ɗaki zuwa wancan, wani sauti siriri yana ta hawa yana ƙara tsini, har a ƙarshe ta isa kan wani ɗan hoton igiyar teku da ke manne a bango. A tsakiya wani mutum ya shigo ya yanke jiki ya faɗi, kyamarar ko a jikinta, ta ci gaba da tafiyarta ta wuce shi, daga baya wata ta shigo ta buga waya ta ce ga mutum a kwance. To a 2003 Snow da kansa ya fitar da wani na minti 15 ya ce na waɗanda ba su da lokaci ne, sai dai bai ƙara gudu ba, yanka fim ɗin ya yi gida uku ya ɗora su kan juna suna tafiya lokaci ɗaya. Ka samu minti 15 ɗinka amma ba ka ga ɗakin yana matsowa ba. Ni dai ina ganin tsokana ce ya yi wa masu wannan tambayar.

In barci ya ɗauke ni fa?

Ba laifi, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ka farka ka ci gaba daga inda ka tarar. A gidajen baje koli ma ba a sa ran kowa ya zo daga farko, mutane shiga suke su fita.

Da wanne zan fara, ni da ban saba ba?

In kana kallon ƙwallo, fara da Zidane na Douglas Gordon da Philippe Parreno, wanda ya fito a 2006. Sun kafa kyamarori 17 a filin Bernabeu ranar 23 ga Afrilun 2005, wasan Real Madrid da Villarreal, kuma dukkansu mutum ɗaya suke bi daga busa usur har ƙarshe, ba sa bin ƙwallo. Abin da za ka gano shi ne ɗan wasa yawancin lokacinsa ba ya tare da ƙwallo, yana tafiya, yana jan tsinin takalminsa a ciyawa, yana tofar da yawu, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ido yana ta zagaye fili, fuska a ɗaure kusan duk wasan. Sai ƙwallo ta zo sakan biyu ta tafi. Kuma kamar an shirya, dab da tashi rigima ta ɓarke aka ba shi jan kati. Yana da kiɗa, yana da wanda ka sani, don haka ba zai yi maka nauyi ba.

Bayan shi sai Chott el-Djerid na Viola, 1979, bai kai rabin awa ba. Ya fara da filayen ƙanƙara na Amurka da Kanada sannan ya koma wani busasshen tafkin gishiri a kudancin Tunisiya, ya yi amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa ya ɗauki kawalwalniya. Za ka ga wani baƙin ɗigo yana rawa a cikin zafi, ya rabu biyu ya haɗe, kana ta canki-canki, sai can ya zama mota, ko raƙumi, ko mutane a kan babur kamar suna tafiya a kan ruwa. Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas ko ta Nguru da rana tsaka ya san abin, bai dai tsaya ya ƙura masa ido haka ba.

In waɗannan sun shige ka, to Five na Abbas Kiarostami ɗan Iran, 2003, ɗauka biyar a bakin ruwa, har da wadda agwagi suke wucewa a jere sannan su juyo da gudu. Wannan wajen dariya ma yake ba mutane. Benning ka bar shi sai ka ɗan saba.

Malam, ba yaudara ba ce kuwa? Ai ko ni zan iya kafa kyamara in tafi shan shayi.

Wani lokacin yaudarar ce, ba zan kare kowa ba. Akwai masu ganin in dai abu ya yi tsawo ya yi shiru to ya zama mai zurfi, su rubuta dogon turanci a jikin bango su bar ka da hoton da babu komai a cikinsa. Jinkiri shi kaɗai ba gwaninta ba ne. Yadda nake gwadawa shi ne, abin da nake gani a minti na takwas daidai yake da abin da na gani a minti na farko? In daidai ne, an ɓata min lokaci. In kuwa hoton bai canja sosai ba amma na fara ganin abin da ɗazu ban gani ba, to mai aikin ya san inda ya kafa kyamararsa, da ƙarfe nawa, da lokacin da zai kashe ta, kuma zaɓin nan shi ne aikin, ana iya yin kwanaki ana zagaye wuri kafin a same shi.

Shi kansa Viola ba duka nake so ba. Wasu ayyukansa na baya-baya, ruwa na kwarara a kan mutum, wuta na ci, fuskoki na kuka a hankali, sun yi min yawa, kamar ana riƙe da wuyan rigarka ana cewa sai ka ji wani abu. Na fi son matan nan uku na The Greeting.

Na ji ana cewa na nutsuwa ne da tunani, akwai addini a ciki ne?

Wasu daga cikin masu yin sa sun ɗebo daga addinai, wannan ba a ɓoye yake ba. Paik ya taso da sanin addinin Buddha. Viola ya zauna a Japan a farkon shekarun 1980 ya koyi zaman nutsuwa na Zen, ya karanta Jalaluddin Rumi da sufayen Kirista, kuma tun 2014 akwai aikinsa mai allo huɗu a cikin majami'ar St Paul ta Landan. Wasu kuma irin Benning da Snow da Warhol, ayyukan nan nasu ba ruwansu da wannan. Kallon ba ibada ba ne kuma ba wanda ya ce ya maye maka gurbin wata ibada. Abin da zan ce a kula da shi daban ne: wasu ayyukan akwai tsiraici, don haka a duba bayani kafin a kunna a gaban yara ko surukai.

'Yan Afirka suna yi?

Suna yi. John Akomfrah, an haife shi a Accra a 1957 ya girma a Ingila, ya yi Vertigo Sea a 2015, manyan alluna uku a jere, minti 48, teku ne ta kowace fuska. Allo ɗaya yana nuna kyan ruwa da manyan kifaye irin na shirye-shiryen BBC, na kusa da shi ana farautar su ana fede su, na ukun kuma bayi ne ko 'yan ci-rani da teku ta cinye. Ba mai sharhi da zai ce maka ga alaƙar, idonka ne zai yi ta kai-komo tsakanin allunan har ya haɗa da kansa, kuma ga mutanen da 'ya'yansu ke bin hanyar Libiya wannan ba labarin nesa ba ne. An fara nuna shi a baje kolin Venice na shekarar, wanda Okwui Enwezor ya shirya, haifaffen Kalaba, ɗan Afirka na farko da aka ba wannan aikin. A nahiyar kuma akwai baje kolin Dak'Art a Dakar duk bayan shekara biyu, a Legas akwai cibiyar CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a 2007, wadda ta ba fasahar bidiyo muhimmanci tun ba a damu da ita ba.

Me ya sa in na nema a YouTube sai guntaye nake samu?

Saboda yadda ake sayar da su. Ba kamar fim ba ne da ake son kowa ya saya, kwafi ƙalilan ake yi, uku ko biyar ko shida, kowanne da takardar shaida, gidajen tarihi da attajirai su saya da tsada, har da sharaɗin girman allo da irin ɗakin da za a nuna. In aka sake shi a intanet darajar kwafin ta faɗi. Abin haushi ne ga irinmu da ba mu kusa da Landan ko New York, amma haka kasuwar take. Shafin UbuWeb, wanda yake nan tun 1996, ya tara tsofaffi da yawa kyauta, kuma gidajen baje koli irin Tate da MoMA suna sa guntaye da hirarraki. Waɗanda aka fitar kamar fim, irin Zidane da Five, sun fi sauƙin samu.

In ka samu, sauke shi da dare lokacin da data ta fi araha, don ba abin da ke kashe irin wannan kallon kamar hoto ya tsaya yana juyi ka rasa gane ko netwok ne ko haka aikin yake. Kashe fitila, sa abin ji a kunne, rufe sanarwar WhatsApp, in akwai talabijin ko kwamfuta ya fi waya nesa ba kusa ba.

Bidiyon ruwan sama na awa goma da ake sawa don barci, shi ma fasaha ne?

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Gidan talabijin na Norway, NRK, a 2009 ya nuna tafiyar jirgin ƙasa daga Bergen zuwa Oslo, sama da awa 7 ba yankewa, mutane sama da miliyan suka leƙa, a 2011 suka ƙara da tafiyar jirgin ruwa ta awa 134 kai tsaye. Irin waɗannan an yi su ne ka bar su suna yi kana wani abu. Na 'yan fasaha so yake ka zauna ka ba shi ido, kuma ba lallai ya kwantar maka da hankali ba, sautin Wavelength ma ciwon kai yake sa wasu.

Zan iya gwada nawa da waya?

Sosai. Wayoyi da yawa yanzu suna ɗaukar hotuna 120 ko 240 a sakan, amma ina ba da shawarar ka fara da gudun da aka saba. Samo abin kafa waya, ko ka tokare ta da bulo, kar ka riƙe a hannu. Danna allon ka riƙe har haske da saitin hoton su kulle, in ba haka ba wayar za ta yi ta gyara haske da kanta ta ɓata maka canjin da kake son kamawa. Zaɓi wajen da abu ke canjawa a hankali, inuwar katanga da la'asar, hazo yana buɗewa da safe lokacin hunturu, hadari yana haɗowa, ka bar ta minti goma kar ka taɓa, kar ka yi magana don makirfo na ɗauka. Kar ka ɗora waƙa a kai daga baya, sautin wurin ya fi. Ka tabbatar akwai wuri a wayar da caji, minti goma na hoto mai kyau yana cin wuri sosai. In mutane za su fito a ciki ka nemi izininsu, musamman mata da yara, kuma ka nisanci bariki da shingen jami'an tsaro, mutumin da ya kafa waya ya tsaya shiru minti goma yana kallon wuri ɗaya sai ya yi dogon bayani kafin a yarda gajimare yake ɗauka.